Yaron ne zai yi karatun, ko suna kuke saye?

Shekaranjiya na je gaishe da wani abokina, na tarar da 'yarsa a zaune da littafin lissafi a cinya, ta zuba masa ido kawai. Yarinyar nan tun tana goye na san ta. Shekara shida ta yi a firamare ba wanda ya taɓa ƙwace mata na ɗaya. Na ce, "'Yata, yaya karatu?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, ni fa yanzu ba ni da ƙoƙari." Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke faɗin haka da bakinta!

Ashe uban ya kai ta wata sakandare mai suna a can ƙarshen gari. Kafin gari ya waye ta fita, sai rana ta kusa faɗuwa ta dawo, ga aikin gida jibge a jaka. Na tambaye shi me ya gani a makarantar, sai ya ce, "Ai ɗan abokin aikina can yake." Wallahi amsar ke nan, babu ƙari. Bai taɓa leƙa aji ba, bai san sunan malami ko ɗaya ba, bai san yara nawa ke zama a ajin 'yarsa ba. Amma ya san launin fentin ƙofar makarantar, don hotonta ya kwana uku a WhatsApp ɗinsa.

'Yan uwana iyaye, mu ji tsoron Allah. Da zarar Allah Ya ba mu yaro mai kaifin kai, sai mu mai da shi tutar da za mu ɗaga wa maƙwabta. Wane ya kai ɗansa makarantar kaza, ni ma sai na kai nawa, ko da bashi ne, ko da ƙannensa za su zauna a gida zango guda. Ana zaɓen makaranta kamar ana zaɓen mota: gini, motar ɗaukar yara, kayan makaranta masu ɗaukar ido, sunan da zai yi daɗin faɗa a taro. To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kuma wanda ya hau motar kwaɗayi an san tashar da zai sauka, sai dai a nan ba shi ke sauka ba, yaron ake saukewa.

Abin da yarinyar nan ta faɗa mini ba sabon abu ba ne. Tun 1984 masanin halayyar ɗan Adam Herbert Marsh ya nuna cewa yara biyu masu ƙwaƙwalwa iri ɗaya, wanda aka jefa cikin ajin da kowa gwani ne yakan fi raina kansa, domin yaro da na kusa da shi yake auna kansa. A 2014 kuma Joshua Angrist, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, shi da abokan aikinsa suka duba fitattun makarantun Boston da New York a Amurka, waɗanda sai da jarrabawa ake shiga. Suka kwatanta yaran da suka tsallake da ƙyar da waɗanda maki kaɗan ya hana su shiga, suka ga sakamakonsu daga baya kusan ɗaya ne. Wato makarantar ta tara haziƙai ne tun daga bakin ƙofa, sannan ta ɗora sakamakonsu a allo tana tutiya da shi. Mu kuma muna ganin allon sai hankalinmu ya tashi.

Kada ma a zo batun wasu masu allon, waɗanda kowace shekara kowa da kowa ya ci. Ku je ranar jarrabawa ku ga yadda amsa ke yawo. Uba ya sani, ya yi shiru, don takardar yake so. Irinsa ne kuma zai saya wa yaro waya mai tsada ya kwana yana latsawa, gobe ya zo yana zagin malamai.

Ban ce a jefa haziƙin yaro inda zai zauna yana hamma ana maimaita abin da ya sani tun bara ba. Wannan ma zalunci ne. Akwai yaron da gasa ke ƙara masa wuta, akwai wanda take kashe masa gwiwa, kuma kai da ka haife shi ya kamata ka san wanne ne naka. Daidai ruwa daidai tsaki. Ka je ka gani da idonka, ka zauna da yaron ka ji ta bakinsa, ka roƙi Allah zaɓi.

Da can uba, ko bai iya rubuta sunansa ba, zai tafi da ƙafarsa ya zauna gaban malami ya damƙa masa amana, ya san shi ido da ido, in sun haɗu a hanya ya tsaya ya tambayi halin yaron kafin makinsa. Yanzu sai a tura kuɗi ta waya a jira hoton ranar ba da kyauta. Da na tashi tafiya, abokin nawa ya rako ni yana ba ni labarin wani malamin darasi na musamman da zai ɗauko mata na ranakun hutun mako. Na waiga, tana nan inda na bar ta, ko shafi ba ta juya ba.