Yadda Wasu Kamfanoni Ke Wulaƙanta Masu Neman Aiki a Kaduna

Wata muguwar ɗabi'a ta zama ruwan dare a wajen wasu kamfanoni masu zaman kansu a garin Kaduna: su fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata, su tara matasa su gasa musu aya a hannu, sannan su yi gum kamar ba su taɓa ganin kowa ba. Na ɗanɗana wannan a hannun wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke yankin Kakuri, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Sanarwar ta ce ana neman mai kula da lissafin kaya, wanda yake da digiri ko babbar difloma kuma ya kammala bautar ƙasa. Na biya kuɗin cike fom a shagon intanet, na ɗauki hoton fasfo, na yi kwafin takarduna har da ta shaidar ƙaramar hukumata da suka dage sai an haɗa. Duk wanda ya san yadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya san abin da zirga-zirga tsakanin Rigasa da Kakuri ke ci a aljihun wanda ba shi da albashi. Daga adashinta mahaifiyata ta ciro kuɗin, ta miƙo mini tana cewa, "Je ka, ɗan nan, Allah ya sa a dace."

An ce mu hallara ƙarfe takwas na safe domin jarrabawa, amma aka bar mu tsaye a bakin ƙofa cikin rana, babu benci babu ruwan sha. Akwai wata baiwar Allah da goyo a bayanta, ta ɗaga fayil ɗin takardunta tana kare wa jaririn rana, yana kuka tana jijjiga shi. Sai bayan azahar wani jami'i ya leƙo, bai yi mana sallama ba balle ya ba mu haƙuri, ya ce duk wanda ya haura shekara 28 ya kama gabansa. Wannan sharaɗi babu shi a cikin sanarwar. Kuma wane irin rashin imani ne a hukunta matashi da shekarunsa a ƙasar da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya cinye kimanin wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022? Mutanen da suka taso tun daga Zariya da Kafanchan haka suka juya, ko kallonsu ba a yi ba.

Ni na tsallake zuwa intabiyu. Ɗaya daga cikin masu yi mini tambayoyi bai ɗaga kai daga wayarsa ba har na gama bayani. Albashin da suka ambata bai kai naira 70,000 ba, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, amma duk da haka na amince, domin zaman banza ya ishe ni. Suka ce, "Za mu kira ka." Shiru kake ji. Lambar da suka bayar ba a ɗauka, saƙon imel ba a amsawa. Da na koma, mai gadi ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kada ka ƙara ɓata kuɗin motarka, tun kafin ku zo aka ba ɗan ƙanwar manaja."

Kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma kamfani na da ikon ɗaukar wanda ya ga dama. To, in sun riga sun zaɓi nasu, me ya sa za su tara mu su ci kuɗinmu da mutuncinmu don kawai a ce an bi ƙa'ida? Suna yi ne saboda sun san ba mu da mafita. Kakurin nan ce ta taɓa ɗaukar dubban ma'aikata lokacin da masaƙu ke aiki, amma tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi sahu a 2007, gurbi ɗaya sai ya jawo cincirindon jama'a, mai kamfani kuma ya riƙa ganin kansa kamar mai rabon sadaka.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Ku rubuta dukkan sharuɗɗanku da albashinku a cikin sanarwa, ku girmama lokacin da kuka sa, ku tura wa wanda bai dace ba saƙon tes ko da layi ɗaya ne. Kuma ku faɗa mana abin da kuke yi da kwafin takardunmu masu ɗauke da hotuna da adireshinmu, domin ba sau ɗaya ba mun ga irinsu a teburin mai tsire ana naɗe nama da su.