Adalci tsakanin ƙabilu: a fara daga bakin burtali

Wariyar da ke cin mutane a jihar Maraɗi ta asali ce da ta sana'a: wane Bafillace ne, wane Buzu ne, wane kakansa bawa ne. Ana yawan shirya taron zaman lafiya, a tara sarakuna da malamai, a yi addu'a, a raba kuɗin mota, a watse. Niyyar mai kyau ce, sai dai wanda aka kora daga bakin rijiya ba ya cikin zauren.

Mun riga mun ga inda sakaci ke kaiwa. A watan Oktoban 1991, a ƙauyen Toda da ke jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ƙare da kisan Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. A 1993 aka fitar da dokar filaye da albarkatun karkara ta Nijar, Code Rural, wadda ta haifar da kwamitocin filaye, wato COFO, tun daga ƙauye har departama. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Doka dai akwai, wajen aiki da ita ake tuntuɓe.

Dubi kwamitin ƙauye. Mai gari ke shugabanta, kuma akwai kujerar wakilin makiyaya. Sau da yawa wanda ake zaunarwa a kanta manomi ne mai tumaki a turke, mutumin rugga ba a ko tambaye shi ba. Ranar da shanu suka shiga gona sai a ƙiyasta ɓarna a bayan idon mai dabba, a tsare dabbobin, a yanka masa kuɗi da ka. Wanda aka yi wa haka ba zai sake kawo kansa gaban sulhu ba. Manomi ma yana cutuwa: garken da ya cinye masa wake wani lokaci na mai kuɗi ne a birni, ƙarar ta mutu a hanya, haushin ya sauka kan yaron da aka ɗauka kiwo da ƙabilarsa baki ɗaya.

Gyaran a bayyane yake. Hardo da jama'arsa su zaɓi wakilinsu da kansu. Idan an yi ɓarna, a je gonar a ranar, kafin iska ta share sawu, da mai gona da mai dabba da ma'aikatan noma da na kiwo. A auna wurin da aka ci kawai, a ƙiyasta dami nawa zai bayar, a yi lissafi da farashin kasuwar wannan mako. A rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa. Sulhun baki, da an shiga wata damina an manta shi.

Burtali kuwa a hankali ake cinye shi, kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi. Kamata ya yi kwamiti ya bi shi da ƙafa kafin ruwan shuka, ya duba turakun siminti, domin tuge geron da ya riga ya tsiro sabon faɗa ne. Ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa a sanar da ita a rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Buzanci, musamman wajajen Dakoro da kwarin Tarka.

Akwai kuma maganar da ba a son taɓawa. Nijar ta mayar da bautarwa babban laifi a 2003, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani, wata 'yar Nijar da aka bautar, gaskiya, ta umurci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Duk da haka, wanda ake jinginawa da bauta har gobe ana hana shi aure, ana ce masa gonar da kakansa ya share aro ce. Idan za a rubuta shaidar mallakar fili, a saurari dattawan ɓangarensa su ma, a fili, kafin mai gari ya buga hatimi.