A yi maganar haƙƙin magada ma

Labarin da kuka buga ya yi bayanin yadda ake biyan fansho bayan ritaya, amma ya tsallake abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki fa?

Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ban da wannan, wajibi ne a yi masa inshorar rai da ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Magada da yawa ba su ma san da ita ba.

Da yayana ya rasu, Allah ya jiƙansa, matarsa ta shafe wata bakwai tana sintiri, ana ce mata sai ta kawo takardar kotu kafin a taɓa asusun fanshonsa. Ga marayu huɗu, ga kuɗin haya.

Wanda kuma inji ya datse wa hannu a wurin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadar masa diyya ta hannun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya. Don Allah ku kawo mana rahoto kan waɗannan, ku fayyace takardun da ake nema tun farko.