Lambar QR a ɗakunan karatun jami'a: liƙawa ba ita ce aikin ba

Lambar QR, wato murabba'in nan mai baƙaƙen ɗigogi da ake haskawa da kyamarar waya, ba domin littattafai aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanin Denso Wave na ƙasar Japan ne ya fito da ita a 1994 don bin sawun kayan haɗa motoci. Yau ta zama ruwan dare, har ma a Najeriya an ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi ta hanyar lambar QR mai suna NQR a 2021, saboda haka ɗalibin jami'a ba ya bukatar a koya masa yadda zai haska ta.

Amfaninta a laburare a fili yake. Ɗalibi ya je gaban kanta neman littafin da malami ya ce a karanta, sai ya tarar an riga an are kwafi biyun da ake da su. Idan akwai lamba a jikin kantar, nan take za ta kai shi ga littafin a intanet ko ga mujallun da suka shafi fannin. Wanda ya binciko littafi a kwamfuta kuma zai haska lambar QR ɗin da ke kan allon ya ɗauke lambar ajiyar littafin cikin waya maimakon rubuta ta a tafin hannu. Inda za ta fi burge ni shi ne wurare irin su Arewa House a Kaduna, masu ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Ajami, domin mai bincike zai iya duba hoton takarda ba tare da yatsunsa sun ƙara tsufar da ita ba.

Sai dai lambar ba ta ɗauke da littafi, adireshi kawai take nunawa. Ranar da aka sauya adireshin shafin, ko kuɗin rajistar mujallu ya ƙare ba a sabunta ba, takardar da ke liƙe a bango ta zama ado, kuma ɗalibin da ya haska sau biyu bai ga komai ba da wuya ya sake gwadawa. Ga batun data, wadda ɗalibai ke tattalinta kamar kuɗin abinci, ga kuma masu ƙananan wayoyi marasa kyamara. Akwai ma haɗarin damfara, domin a Janairun 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ɓata-gari na sauya lambobin don satar bayanan mutane.

A ganina, laburaren da bai sa kundin littattafansa a intanet ba, bai kuma samar da intanet kyauta a zauren karatu ba, bai kai lokacin buga lambobin ba tukuna. Wanda ya kai kuwa, ya kamata ya rubuta adireshin a ƙarƙashin kowace lamba, ya kuma naɗa ma'aikacin da zai riƙa zagayawa yana gwada su a farkon kowane zangon karatu.