Cin baƙin mai a RX-8 ba alamar mutuwar inji ba ce

Masu duba motar hannu da yawa, da zarar sun ji Mazda RX-8 tana rage baƙin mai, sai su ja da baya, su ce ringin fistin ya tafi. A motar fistin wannan zato yakan zama daidai. Amma injin RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, ba shi da fistin ko ɗaya. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma akwai ƙaramin famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin wurin ƙuna da gangan, don siraran ƙarafan da ke toshe bakin kowace kusurwa kada su goge a bushe. Man yana ƙonewa tare da fetur. Haka kamfanin ya tsara. Wadda ma ba ta rage baƙin mai ita ce abin tsoro, wataƙila famfon ya tsaya.

Abin dubawa shi ne matsin iskar injin, da na'urar da ke ba da lamba uku ga kowane ƙarfe mai juyawa, ba ta bakanike ta yau da kullum ba. Ka kuma kashe motar bayan ta yi zafi, ka sake tayarwa. In ta yi ta jan numfashi kafin ta kama, mai yiwuwa matsi ya ragu, gyaransa kuwa sauke inji ne.

In ka sayi motar, kuɗin sa mata salansa mai ƙara, a ganina, ya jira. Fara da kwayil da fulogi da wayoyinsu, sannan lagireto, domin zafi ke saurin kashe wannan inji.