Belina da Harafin R na Faransawa

Da na shiga sashen Faransanci a jami'a, zatona "bonjour" da "merci" za mu riƙa yi har mu karɓi digiri. Ashe akwai wani kwas a aji biyu mai suna ilimin furuci, inda ake zana kan mutum a allo an tsaga shi biyu kamar kabewa, a nuna maka inda kowane sauti yake fitowa.

Ranar da aka zo kan R, malaminmu ya ce mu Hausawa muna da R har iri biyu, na "rana" da na "tara" ta ƙirga, kuma duk da kan harshe ake yin su. Na mutanen Paris kuwa can ƙuryar baki yake, bayan harshe ne ke tasowa ya goga wani ɗan nama da suke kira "luette". Ya ce su ma kakanninsu da kan harshe suke kaɗa shi, daga baya ne suka mayar da shi maƙogwaro. Ko wa ya aike su, oho.

Sai ya ba mu dabara: kowa ya guntsi ruwa, ya ɗaga kai ya yi ta kurkura, sannan ya gwada ba ruwa. Bayan hutu za a yi jarrabawar baka, jimlar kuma ita ce "trois gros rats gris", wato ƙattin ɓeraye uku masu launin toka.

Na tafi hutu gida da ɓerayena. Bayan sallar isha'i na kulle ɗaki, na ɗauki buta da madubi na fara. Ƙrrr. Grrr. Na kai minti ashirin ina gurnani sai na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ina buɗewa na ga Inna da kaskon turare tana zuba habbatus sauda, ƙanena Sani riƙe da kofin ruwan tofi, Kaka a bayansu tana jan Ayatul Kursiyyu.

"Inna, karatu nake yi fa."

"Karatun wa? Ai su ma haka suke cewa idan sun hau mutum."

Da ƙyar na samu aka zauna. Na ɗauko littafi na nuna musu zanen, na ɗora yatsa a kan ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen baki. Kaka ta gyara tabarau, ta ƙura masa ido.

"Wannan ai beli ne."

"To shi nake son harshena ya taɓo."

Ta dubi Inna, Inna ta dube ta, suka tuntsire da dariya har turaren ya zube.

"Ɗan nan, belinka ai tun kana da kwana uku wanzami ya cire shi. Ni na riƙe ka. Kuka ka yi har unguwa ta ji."

Na haska fitilar waya a madubi na wangale baki. Fili fetal.

Ranar jarrabawa na tsaya gaban malam na yi masa bayanin uzurina tiryan-tiryan, har da tarihin wanzami. Ya saurara, ya ce a aji na mutum arba'in ni ne na tara da ya kawo masa wannan ƙara, kuma ko babu beli ana iya goga bayan harshe a rufin baki a sami sautin. Ya ce in karanta. Na saki ɓerayena da R ɗin Kano, garau.

Da na gaya wa Kaka makin da na samu a waya, cewa ta yi wanzamin ya rasu tun tuni, amma ɗansa yana nan idan ina son in tambaya ko sun ajiye.