Kishin ƙasa daban, kishin ubangida daban

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya wani yaro a unguwarmu ya ɗauki hoton ajin firamarenmu ya sa a Facebook, kwanon rufin iska ta yaye shi tun daminar bara, yara na zaune a ƙasa kan buhunan siminti, malamin ma a tsaye yake wuni don babu kujera. Kafin magariba an yi masa ca, wai ɗan adawa ne, wai kuɗin data aka ba shi ya ɓata gwamnati. Wallahi wanda ya fi kowa zaginsa 'ya'yansa biyu a cikin ajin nan suke karatu.

Shi ya sa na ce bari in tunatar da kaina da ku. Son ƙasa ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce da Makka ke ce mafi soyuwar ƙasa a wurin Allah, da ba don an fitar da ni daga cikinki ba da ban fita ba, Tirmizi ya ruwaito. Amma waccan maganar da ake yawo da ita wai son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ba ta tabbata daga gare shi ba, don Allah a daina jingina masa.

To amma jam'iyya ita ce ƙasa? Kakanninmu sun yi NEPU da NPC har gida ya rabu biyu, a 1979 aka shiga NPN da PRP, a 1993 SDP da NRC, yau ina suke? Yawancinsu sun shuɗe, rijiyar unguwa da asibitin da hanyar nan mai ramuka su ne dai muke tare da su. Ubangidan da kake zagin yayanka saboda shi, cikin dare zai sauya sheƙa bai ko buga maka waya ba, gari ya waye ka zauna kana goge rubuce-rubucenka ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ga shi can wajen ɗaurin aure suna tafawa da wanda ka kira ɓarawo. Na san wa da ƙani ciki ɗaya da ba sa gaisawa tun zaɓen 2023, alhali sama da kwana uku ma addini bai yarda ka ƙaurace wa ɗan uwanka ba.

Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi in na yi daidai ku taimake ni, in na karkace ku miƙar da ni. Siddiƙu ke nan fa, ba kansila ba. Annabi kuma ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, aka ce mai zaluncin fa ta yaya, ya ce ka hana shi. Ka buɗe Suratun Nisa'i aya ta 135, an ce mu tsaya kan adalci mu yi shaida don Allah ko a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. In mahaifi bai tsira ba ina ga mai hula da fasta.

Ka yi jam'iyyarka, ka kaɗa ƙuri'arka, ba wanda ya hana ka, ni ma ina da wanda na zaɓa kuma shi ke kan kujerar yanzu. Ran Juma'a bayan an sauko za mu rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma kan rufin ajin nan, sunana ne zai zo na farko, na yaron na biyu, biro yana shagon mai shayi ga duk mai son sa hannu.